Zirin Kapribi: Ƙasar da Aka Shata Domin Hanyar da ba ta Ɓulle ba

Duk wanda ya dubi taswirar kudancin Afirka zai lura da wani siririn yanki da ya fito daga kusurwar arewa maso gabas ta ƙasar Namibiya kamar mariƙin ludayi. Ya kutsa tsakanin Angola da Zambiya daga arewa da Botswana daga kudu, har ya kusa taɓa Zimbabwe. Tsawonsa kimanin kilomita 450 ne, amma a wasu wurare faɗinsa bai wuce kilomita 32 ba. Irin wannan yanki shi ake kira ziri, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi sai a tarar ciniki ne na mahukunta ya haife shi.

Asalin wannan ziri yana cikin yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla ranar 1 ga Yuli 1890. Jamus ta sakar wa Ingila mara kan batun Zanzibar, ita kuwa ta karɓi tsibirin Heligoland da ke kusa da gaɓarta, tare da hanyar da za ta kai mallakarta ta Kudu maso Yammacin Afirka bakin kogin Zambezi. An rubuta cewa kada faɗin hanyar ya gaza mil 20 a ko'ina. Daga baya aka laƙaba wa wurin sunan Leo von Caprivi, wanda ya gaji Bismarck a shugabancin gwamnatin Jamus cikin wannan shekara.

Cinikin nan ya taɓo mu, ko da yake daga nesa. Tun 1862 Faransa da Ingila sun yi alkawarin barin Sarkin Zanzibar da ƴancinsa, saboda haka Faransa ta nemi diyya. Cikin abin da ta samu ranar 5 ga Agusta 1890 har da layin da aka ja daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, wato tushen farko na iyakar Nijar da Nijeriya.

Burin Jamus shi ne jiragenta su bi Zambezi zuwa tekun Indiya. To amma ƙasa kaɗan da ƙarshen zirin kogin yana faɗawa cikin kwazazzabon Mosi-oa-Tunya, mai zurfin fiye da mita 100. Akan ce Ingila ta yi wa Jamus wayo; da wuya a yarda da haka, tun da Livingstone ya ga wurin a 1855 kuma labarin ya bazu a Turai. Ko ma yaya ne, hanyar ba ta ɓulle ba, Jamus kuma ta yi sakaci da wurin har 1909, lokacin da Kyaftin Streitwolf ya kafa bariki a Schuckmannsburg. Shekara biyar bayan haka, a 1914, dakarun Rodeshiya suka karɓe shi. Daga nan aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu: Becuwanalan ta riƙe shi daga 1921 zuwa 1929, sannan Windhoek, sannan daga 1939 aka mayar da gabashinsa ƙarƙashin Pretoriya kai tsaye.

Ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci, batun harshe ne ya fi cancantar nazari. Mazauna gabashin zirin, wato Masubiya da Mafwe da Mayeyi da Matotela, kowa da harshensa. Amma a ƙarni na 19 suna ƙarƙashin sarautar Lozi, wadda cibiyarta take ƙetaren kogi, cikin Zambiya ta yau. Iyakar 1890 ta raba su da fadar, ba ta raba su da harshenta ba. Silozi ya zama harshen kasuwa da na rediyo, shi ne kuma na azuzuwan farko a lakwal, alhali yaran da yawa ba shi suka sha a nono ba. Sa'ad da harshen Afirkans ya game sauran Namibiya zamanin mulkin Afirka ta Kudu, a nan Ingilishi ne ya kafu a makarantu. Ke nan mai shirya littattafai a Windhoek, tazarar kilomita wajen 1,200 daga Katima Mulilo, yana aiki ne da harshen da mafi yawan masu shi suke wata ƙasa.

Wannan nisa ya yi tasiri a siyasa. Bayan Namibiya ta sami mulkin kai a 1990, ƴan aware suka kai hari Katima Mulilo ranar 2 ga Agusta 1999, aka rasa rayuka, aka kuma murƙushe su. A Disamba ta wannan shekara Kotun Duniya ta ba Botswana tsibirin Kasikili, ko Sedudu, bayan ta yi ta tantance abin da rubutun 1890 yake nufi da babbar magudanar kogin Cobe. A 2013 gwamnati ta soke sunan Kapribi, ta mayar da jahar Zambezi, aka kuma canza sunan Schuckmannsburg zuwa Luhonono.