Wane Aiki Ya Bari, Wane Aiki Zai Tarar? Tarihin Tura Ɗalibai Waje

A Jalingo, kamar sauran biranen Arewa, idan aka ce wane ya tafi karatu waje, abin da ake fara tambaya shi ne wace ƙasa, sai kuma wace jami'a. Ba kasafai ake tambayar aikin da ya bari a gida ba, balle wanda zai tarar in ya dawo. Amma wanda ya bi tarihin wannan al'ada tun zamanin En'e zai ga cewa waɗannan tambayoyi biyu su suka raba tafiyar da ta yi albarka da wadda aka zubar da kuɗi a banza. Jalingo, garin da Lamiɗo Muhammadu Nya ya kafa a 1893 bayan cin Kona, ya daɗe yana tura 'ya'yansa nesa neman boko. Tun da aka haɗe Muri cikin Lardin Adamawa a 1926, yaron da ya yi ƙoƙari Midil ta Yola yake nufa, mai rabo ya wuce Kwalejin Katsina, yayin da makarantun mishan na Wukari da Lupwe da Bambur suke buɗe wa wasu tasu hanyar. Ƙetare teku kuwa sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya fara zama tsari a Arewa.

Dubi waɗanda aka fara turawa. Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Horar da Malamai ta Jami'ar Landan a 1945, ya riga ya haura shekara goma yana riƙe da alli a Midil ta Bauchi. Shekara guda ya yi ya dawo, aikin ilimi na En'e yana jiransa. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa a 1946, shi ma daga aji ya tashi, kuma bayan ya dawo ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman Arewa. A 1948 Ahmadu Bello ya je Ingila nazarin mulkin ƙananan hukumomi, alhali ya daɗe yana aikin En'en Sakkwato. A 1954 aka tura Malam Abubakar Gumi da wasu malaman Arabiyya Bakhtur Ruda ta ƙasar Sudan, makarantar da aka sani da shigar da ɗalibi aji ya koyar ana kallonsa ana yi masa gyara, kuma a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Dukansu manya ne masu sana'a a hannu, tafiyarsu gajera ce, karatun a haɗe yake da ganin yadda ake aikin, kuma kowa ya san kujerar da zai koma.

Batun Turanci ma haka yake. Ana yawan ɗauka cewa zaman Landan ne ya ba Ɓalewa muryar da Turawa suka yi ta yabo, alhali a Kwalejin Katsina aka gina ta, inda aka matsa wa ɗalibai a kan furuci da magana a gaban jama'a. Abin da Landan ta ƙara masa shi ne gogayya da masu harshen a wurin aiki da wurin muhawara. Saurayin da ya bar Jalingo bai iya rubuta wasiƙa mai tsabta ba, jirgin sama ba zai gyara masa nahawu ba. Wanda kuwa ya tafi da tushe, wata shida a asibiti ko masana'anta za su sake masa baki fiye da shekara biyu a ɗakin lacca.

Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta gane amfanin horon hannu, ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, a 1971, sannan tsarin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki a 1973. Sai dai an riƙe rabin darasin an saki rabi. An tura injiniyoyi da masu fasaha Tarayyar Sobiyet domin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, sun koyo aikin da hannunsu, amma kamfanin da aka fara ginawa a 1979 har yau bai narka ƙarfe yadda aka tsara ba. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 waje karatun digiri na biyu a zubi ɗaya a 2012, ta kuma kai wasu Jodan koyon tuƙin jirgi. Da yawa daga masu digiri na biyu sun cike gurabe a jami'o'i, domin guraben suna nan, matuƙan kuwa jaridu sun yi ta kawo labarin zamansu ba aiki, saboda lasisi kaɗai ba ya sa kamfani ya ba mutum jirgi.

Mai ja zai ce zamanin su Ɓalewa ba a kwatanta shi da yau, don a lokacin 'yan boko ƙalilan ne, kujeru na neman masu zama. Gaskiya ne, amma Taraba ba ta rasa guraben da ke kukan ƙwararru ba. Jihar da aka ƙirƙiro a 1991 tana da jami'arta a Jalingo tun 2008, ga ta tarayya a Wukari tun 2011, ga babban asibitin tarayya, ga madatsar Kashimbila, ga gonar shayi ta Kakara a tsaunin Mambila, ga dajin Gashaka Gumti da ya fi kowane gandun namun daji na ƙasar nan faɗi. Hujjar mai ja da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, wadda ta bi tsohon tsari, ta tura malaman jami'a masu aiki da yarjejeniyar dawowa, amma ta dakatar da turawar daga farkon 2025 saboda tsadar canji da maƙalewar wasu a can. Wannan bai rushe maganar ba, sai dai ya nuna sharaɗin da aka manta: digiri na shekara huɗu yana ba mutum damar kafa sabuwar rayuwa, musamman in albashin da zai koma wa ba ya kai shi ƙarshen wata. Wanda ya sayar da gonar gidansu ya tafi da kuɗinsa, wannan shi da iyayensa. Kuɗin jama'a kuwa, bai kamata hukumar tallafin karatu ta Taraba ta sa hannu a takardar kowa ba sai an rubuta sunan wurin da zai yi horon hannu a can, da ofishi ko asibiti ko gonar da za ta karɓe shi a nan.