Dawaki Biyu: Yadda Kano Ta Raini Likitocinta da Injiniyoyinta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san abin da ake nufi idan aka ce yaro "ya ci Dawaki." Ba doki ake zance ba. Ana nufin ya haye jarrabawar shiga ɗaya daga cikin makarantun sakandaren kimiyya biyu da ke kewayen birnin Kano, wato ta Dawakin Tofa da ta Dawakin Kudu.

Asalinsu wata ƙishirwa ce. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, jama'a ta yi yawa amma ƙwararru 'yan ƙasa ƙalilan ne. Asibitoci da ma'aikatun ayyuka sun dogara ga baƙi, kuma ɗaliban da suke kammala sakandare da sakamakon da zai kai su karatun likita ko injiniya ba su taka kara sun karya ba. A 1977, zamanin gwamnan soja Sani Bello, aka kafa hukuma ta musamman don makarantun kimiyya, aka fara da waɗannan biyu.

Tsarin ya tsaya a kan ƙafafu uku. Na farko, zaɓe ta hanyar jarrabawa: ana tsamo hazikan yara daga sauran makarantun jihar bayan sun yi shekarun farko na sakandare, su ƙarasa shekara uku a Dawaki. Na biyu, hukuma mai cin gashin kanta, wadda ke ɗaukar malamanta, ta kula da ɗakunan gwaje-gwajen fiziks da kemistiri da bayoloji, ba tare da jiran dogon layin ma'aikatar ilimi ba. Na uku, kwana a makaranta.

Wannan na ukun shi ne ya fi shafar mutanen karkara. Ɗan manomi daga Jajaye ba shi da gidan da zai sauka a birni, ba shi da kuɗin mota kullum. Amma da zarar ya shiga ɗakin kwana, gadonsa ɗaya da na ɗan attajirin Fagge, tuwonsu ɗaya, ƙararrawar da ke tashinsu da asuba ɗaya, karatun dare ɗaya. Abin da ya rage tsakaninsu sai ƙoƙari.

Ba a rasa masu suka ba. Wasu sun ga rashin adalci ne a tara kayan aiki a wuri biyu alhali sauran makarantu na fama. Hujjarsu tana da nauyi, amma tsarin ya ci gaba da yaɗuwa. An buɗe ta 'yan mata a Taura da wata ta maza a Kafin Hausa, waɗanda suka koma hannun Jigawa a 1991. Hukumar kuma ta haɗa da makarantun koyon sana'a daga baya.

A yau tsofaffin ɗaliban Dawaki suna cikin asibitoci da jami'o'i, gida da waje. Sai dai abin da ya raine su ba suna ba ne: jarrabawa ce ta gaskiya, da malami mai zama, da ɗakin gwaji mai kaya, da abinci a kan kari. Idan ɗaya ya gurgunce, mai hali zai kai ɗansa makarantar kuɗi a birni. Yaron Rogo kuwa ba shi da wata Dawakin.