Kulob ɗin Augusta da Ranar da Lee Elder Ya Shiga Fili

A 1930 Bobby Jones ya cinye manyan gasannin golf huɗu a shekara guda, biyu a Birtaniya biyu a Amurka, sannan ya ajiye sanda yana ɗan shekara 28. Lauya ne daga Atlanta, kuma burin da ya rage masa shi ne ya samu fili inda zai yi wasa da abokansa ba tare da 'yan kallo sun yi masa caa ba. Clifford Roberts, wani mai hada-hadar hannun jari a New York, ya shige gaba wajen neman wuri. Suka dace da tsohuwar gonar rainon itatuwa da furanni mai suna Fruitland, eka 365, a garin Augusta na jihar Jojiya, aka saye ta a 1931 kan dala 70,000. Alister MacKenzie, likitan da ya bar aikin asibiti ya koma tsara filayen golf, shi ya zana ramuka 18 tare da Jones.

Sai dai sun fara a mugun lokaci, domin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929. An yi bikin buɗewa a Janairun 1933 da lissafin samun mambobi 1,800, amma ko ɗari ba a haɗa ba. MacKenzie ya rasu a farkon 1934 yana bin kulob ɗin kuɗin aikinsa. Gasar da aka fara a wannan shekara, wadda Horton Smith ya lashe, dabara ce ta jawo hankalin masu kuɗi. A 1935 Gene Sarazen ya jefa ƙwallo rami na 15 da bugu biyu kacal, inda ake sa ran biyar, jaridu suka yayata, sunan Augusta ya fita. A 1939 gasar ta karɓi sunan Masters. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani aka dakatar da ita shekara uku, aka koma kiwon shanu da talotalo a filin.

Bayan yaƙi ne arziki ya zo. Janar Eisenhower ya zama mamba a 1948, aka fara sa wa zakara koriyar kwat a 1949, talabijin ta fara nuna gasar a 1956. Yau mambobin ba su wuce kimanin 300 ba, kuma ba a neman shiga, sai wanda aka gayyata.

Akwai ɓangaren tarihin da ya fi tsaya mini a rai. Duk tsawon wannan bunƙasa, baƙar fata na cikin filin kullum, amma a matsayin masu ɗaukar jakar sanduna. Har zuwa 1982 dole ne kowane ɗan wasa a Masters ya yi aiki da masu jakar kulob ɗin, kuma dukkansu baƙaƙe ne, sanye da farar rigar aiki. Su suka san kwanciyar ciyawa da gangaren kowane rami. Willie Peterson shi ya riƙe wa Jack Nicklaus jaka a biyar daga cikin nasarorinsa a Masters. Sun san filin kamar yunwar cikinsu, amma ba a yarda ɗayansu ya riƙe sanda a gasar ba. Charlie Sifford, ɗan wasa baƙar fata, ya ci gasannin ƙungiyar ƙwararru ta PGA a 1967 da 1969, bai taɓa samun gayyata ba. Wannan zalunci ne, kuma kyan furannin Augusta bai wanke shi ba.

Lee Elder ma da ɗaukar jaka ya fara. An haife shi a Dallas a 1934, ya tashi maraya, ya goge a gasannin baƙar fata domin ƙungiyar PGA ba ta soke dokar “farare zalla” ba sai 1961. Ya shiga rukunin ƙwararru a 1968, kuma a shekarar ya kai Nicklaus bugun raba gardama kafin ya sha kaye. A 1971 ya zo Legas ya lashe gasar Nigerian Open, ya kuma yi wasa a Afirka ta Kudu bisa gayyatar Gary Player, ana tsaka da mulkin wariya. Daga 1972 Augusta ta sa ƙa'idar cewa duk wanda ya ci wata gasar PGA ya samu gurbi a Masters. Elder ya ci Monsanto Open a Filorida a 1974, babu sauran hujjar hana shi.

Kafin gasar Masters ta Afrilun 1975 wasiƙun barazanar kisa sun yi ta zuwa, har ya kama hayar gidaje biyu a Augusta yana sauya wurin kwana. Ya buga 74 a ranar farko, 78 a ta biyu, bai tsallaka zuwa zagayen ƙarshe ba. Wanda ya auna shi da waɗannan lambobi bai yi masa adalci ba, don mutumin da ke tsoron harsashi ba ya buga ƙwallo da natsuwa. Ya sake dawowa sau biyar, kuma a 1979 ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci Amurka a gasar Ryder.

Kulob ɗin kansa ya ci gaba da jan ƙafa. Sai 1990 ya karɓi mamba baƙar fata na farko, Ron Townsend, mata kuma sai 2012, da Condoleezza Rice da Darla Moore. Ranar da Tiger Woods ya lashe Masters a 1997 da ratar bugu 12, yana ɗan shekara 21, Elder na wurin, Woods kuma ya ambace shi tare da Sifford cikin waɗanda suka share masa hanya. A Afrilun 2021 Augusta ta gayyaci Elder ya tsaya da Nicklaus da Player wajen buɗe gasa. Rashin lafiya bai bar shi ya buga ba. Ya rasu a Nuwamban shekarar yana da shekara 87.