Yadda jini ya tona asirin dalma a Anka da Bukkuyum

A 1981 Robert Bast da abokan aikinsa a Amurka suka gano CA-125, furotin da ake aunawa a jini don bin sawun sankarar ƙwan mace. Yammacin Zamfara kuwa, a cikin makoki ya san darajar awon jini.

A 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a Dareta ta Anka da Yargalma ta Bukkuyum. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika jinin yaran Jamus, sai ga gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa har tsakar gida. Na'urar awon dalma a jini ta LeadCare II iyakarta maikirogiram 65 a desilita, amma dalmar da ke jinin yara da dama ta zarce haka. Wajen yara 400 suka rasu.