Istifanus Babba na Moldabiya da Turkawa, 1457–1504

Masu ba da labarin Sarki Istifanus sun fi son ambaton yaƙin Baslui na 1475, inda ya tare rundunar Turkawa a wata fadama, hazo ya rufe, ya karya ta. Jaruntakarsa ba abar musu ba ce. Ko Matiyas, Sarkin Hangari, da rauni ya koma gida daga Baya cikin 1467. Amma a ganinmu ba a Baslui aka yanke al'amarin Moldabiya ba.

Cikin 1476 Sultan Muhammadu na Biyu ya zo da kansa, ya ci nasara a fili, sai dai birnin Suceba ya gagare shi, yunwa da annoba suka komar da shi. Ɗansa Bayazidu ya fi shi dabara. Cikin 1484 ya ƙwace Kiliya da Akkarman, watau mashigin fatauci biyu na Bahar Aswad, inda kuɗin fito ke shigo wa sarki. Da aka toshe wannan hanya, ba a jima ba Istifanus ya koma biyan haraji, ya riƙe sarautarsa. Har ma da ya karya rundunar Folan a dajin Kosmin cikin 1497, akwai Turkawa cikin mayaƙansa.