TARIHI: Daga tangarahu zuwa BLU, da zancen akwatin daidaita anten

  

Kowa ya san kat-kat ɗin nan na ƙungiyoyin agaji da ke ratsa gari su nuhi arewa, da wata doguwar bulala tsaye bisa goshin mota, gindinta kamar baƙin turmi. Da yawa kuma sun taɓa ganin waya miƙe tsakanin turakun ƙarhe biyu bayan biron prefe ko na jandarma. Waɗannan kayan radiyon magana ne na nesa, wanda ma'aikata ke kira BLU. Cikin wancan baƙin turmi kuwa akwai abin da masu sana'ar ke kira "buwat dakor" da Faransanci, mu ce akwatin daidaita anten. Duk wanda zai sayi irin wagga na'ura yau, ma'aikata ce ko mai sha'awa, sai ya gamu da tambaya guda: ya ɗauki wadda akwatin ke cikin cikinta, ko ya sayi na waje daban? Amsar na cikin tarihi, don haka bari mu faro daga tushe.

LOKACIN DA LABARI KE HAWAN RAƘUMI

A 1898 Faransa da Ingila sunka zauna sunka raba iyaka, anka zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato anka bar ma Ingila. Wannan ya tilasta ma Faransawa, in za su tashi daga bakin kogin Isa zuwa Damagaram, su yi zagaye ta arewa, ta Filingué da Tahoua, hanya mai ƙarancin rijiyoyi. Ta haka Tahoua ta zama zangon soja da mazaunin komanda tun farkon shekarun 1900. Takardar komanda kuwa bisa doki ko raƙumi take tahiya, kwana da kwanaki. Daga baya anka ja wayar tangarahu bisa turaku tsakanin manyan garuruwa. Sai dai waya iyakarta inda anka ja ta, kuma gara, iska da ruwan damina ba su bar turakun sun huta ba. Azawak mai faɗi ta tsaya babu waya.

A daidai wannan zamani, ran 12 ga Disamba 1901, wani Ba'italiye mai suna Marconi ya ce ya ji alamar harafin S da anka aiko daga Ingila, shi kuma yana tsibirin Newfoundland, can ƙetaren tekun Atlantika. Anten ɗin da ya yi aiki da shi ranar doguwar waya ce kawai, wadda ya ɗaura ga wani abin tashi na tsumma iska ta ɗaga ta sama. Ku riƙe wannan: tun ranar farko, tsawon waya da inda anka rataya ta su ne rabin aikin.

MASU SHA'AWA DA GAJEREN ZANGO

Da wayar iska ta bazu, sai anka samu mutane masu ƙera na'urorinsu a gida, ba don kuɗi ba, don sha'awa kawai. Su ake kira radiyo-amatar. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka ta kore su zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, don a lokacin ana ganin gajeren zango ba shi da wani amfani. Ashe abin da anka raina shi ne zai tsone ido. A watan Nuwamba 1923 wani Bafaranshe na garin Nice, Léon Deloy, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka bisa wajen mita 100, da ƙarhin da bai taka kara ya karya ba. A 1925 sunka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris, ran 18 ga Afrilu, ranar da har yau suke bikinta. Kowace ƙasa na da alamar kiranta: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N.

Sirrin gajeren zango shi ne, can sama, daga wajen kilomita 100 zuwa 400, akwai wani rufin iska da rana ke caja. In muryar radiyo ta hau ta buge shi sai ta komo ƙasa nesa. Da rana rufin na son mitoci ƙanana, da dare na son manya. Shi ya sa iyayenmu ke kama shirin sahe bisa wata mita, na hantsi bisa wata.

ZAMANIN MITA DA MESAJI RADIYO

Mutanen Adar sun san gajeren zango ta kunne tun da daɗewa. BBC ta fara Hausa a 1957, Radiyo Nijar ta buɗe a 1958, ƙungiyoyin saurare na radiyo-kulob sunka biyo a 1962, Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Wa bai tuna dattijo zaune bisa tabarma, ya ɗaura ɗan guntun waya ga anten ya maƙala ga darni don murya ta hito ba? Mai saurare ko wace irin waya ya samu ta ishe shi.

Mai aikawa da murya shi ne ke da aiki. Bayan ƴancin kai a 1960, umurnin gwamnati daga Yamai zuwa Tahoua, daga Tahoua zuwa ƙananan hukumomi, ta radiyo yake bi. Ana da sa'a ta musamman da kowace tasha ke buɗe na'ura, mai aiki ya karanta saƙo kalma-kalma, na can ya rubuta. Sunan "mesaji radiyo" da ma'aikata ke faɗi har gobe daga nan ya samo asali. A shekarun fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, sa'adda dabbobi sunka ƙare a arewa jama'a sunka kwararo kudu, babu salula babu intanet, irin waɗannan na'urori ne ke kai labari tsakanin daji da birni. A ƙarshen shekarun 1990, gundumar Ouallam ta haɗa likitocin karkara da babban asibiti ta radiyo mai aiki da hasken rana, ga ambilans a shirye: mace ta kasa haihuwa, a kira, mota ta taso. Salula ta shigo farkon shekarun 2000 ta ture da yawa daga cikin kayan nan. Amma wanda ya wuce Abalak, kilomita wajen 135 daga Tahoua, ya saki kwalta ya shiga daji, ya san inda rezo ke ƙarewa. BLU ba ta buƙatar turken kamfani ko kuran na gari. Batir mai bolt 12 da pano guda sun ishe ta.

INA AKWATIN YA HITO?

Ku dubi tsirkiyar garaya ko ta gurmi. Tsawonta ke yanke muryar da za ta bada. Haka anten yake: kowace mita da tsawon wayar da ta dace da ita. Lissahin da masu sana'a ke yi ga waya mai hannu biyu, wadda ake ba wuta ga tsakiya, shi ne a raba 143 da adadin megahaz. Ga megahaz 7, waya ta kai wajen mita 20. Ga 14, mita 10. Ga 3,5 kuwa wajen mita 40.

Ita na'ura an gina ta ta ga wani ma'auni guda, om 50. In waya ta dace da mitar, wuta ta hita lahiya lau. In ba ta dace ba, wani kashi na wutar sai ya komo baya. Awon wannan komowa shi ake kira ROS. In ya nuna 2, wajen kashi 11 cikin 100 ke komowa. In ya nuna 3, kashi 25 ne.

Na'urorin dā masu fitila a ciki suna da maɓallai biyu da mai aiki ke murɗawa har wuta ta zauna, kuma suna da haƙuri. Da taransisto ya karɓi wuri a shekarun 1970, na'ura ta yi sauƙin nauyi da sauƙin aiki, amma ta zama mai saurin hushi: ROS na wuce 2 sai ta rage ƙarhinta da kanta don kar ta ƙone. Dole anka sa akwati tsakaninta da waya. A shekarun 1980 kamfunan Japan sunka fara sa ɗan ƙarami mai aiki da kanshi cikin cikin na'urar. Tun daga nan zaɓi ya zama biyu.

Akwatin nan gammo ne. Gammo ba ya rage nauyin tulu, yana dai sa kai ya iya ɗauka. Haka akwatin ba ya mai da mummunar waya kyakkyawa. Aikinshi ya sa na'ura ta ga om 50 ta saki wutarta duka.

NA CIKI KO NA WAJE?

Na ciki ɗan gammo ne. Galibi iyakarshi ROS na 3. Ba ya son wata igiya ko wuta ta daban, ƙura ba ta kai gare shi da sauƙi, maɓalli guda ka danna ya gama. In kana zaune wuri guda, ka auna wayarka ka yanke ta daidai da mitar da kake aiki bisanta, ya ishe ka, kar ka ɓata kuɗinka. Amma ka ɗauki wayar mita 20 da anka yanka don megahaz 7 ka ce za ka yi magana bisa 14, ma'aunin sai ya haye dubban om, na ciki ya yi ta ƙara ya gaji ya bari.

Na waje iri biyu ne. Akwai wanda ake ajewa bisa tebur kusa da na'ura, na hannu ko mai aiki da kanshi, yana iya kai ROS na 10, wani har ya wuce. Na hannu ba ya cin batir, kuma mai gyaran radiyo na kasuwa na iya buɗe shi ya gane abin da ke ciki. Illarshi guda: rikicin da ke tsakanin waya da kebul ɗin da ya taho ɗaki yana nan, in kebul ɗin dogo ne ko ya tsufa, wuta na ƙarewa cikinshi ta zama zahi. Na'ura ta nuna komi lahiya, na Tassara kuma bai ji ka ba.

Sai wanda ake kafawa ga gindin anten ɗin kanshi. Shi ke gyara matsala inda ta taso, kebul ya ɗauki wuta salin-alin. Shi ne baƙin turmin goshin mota. Bulalar mota ba ta wuce mita 2 da rabi ba, alhali mitar na son waya mai ninkin haka sau da yawa, don haka babu ɗan akwatin ciki da zai iya da ita. Kamfunan Ostareliya irin su Codan da Barrett, da sunka yi suna da wagga sana'a, ƙasarsu ma daji ce mai faɗi da ƙarancin mutane kamar Azawak, shi ya sa kayansu sunka karɓi ƙasarmu.

ABIN DA ƘASAR ADAR KE SO

Ƙasarmu dutsi ce da tsakuwa a kudu, rairayi a arewa, wata 8 ko 9 babu ruwa. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta da kyau. Wanda ya kafa anten na tsaye ko waya mai hannu guda, ya buga ɗan ƙarhe cikin rairayi ya ce ya gama, rabin ƙarhinshi ƙasa za ta shanye. Sai ya shimfiɗa wayoyi da dama kewaye da gindin. Waya mai hannu biyu ba ta da wagga matsala.

Ga mai son magana tsakanin Tahoua da Tillia, ko Agadas mai nisan kilomita wajen 400, dabarar ita ce a rataya waya kwance, ba can sama sosai ba, murya ta hau tsaye ta zubo kewaye kamar ruwan sama. Da rana wajen megahaz 7, da dare a sauko wajen 3,5. Ke nan waya guda, mita biyu: ko dai ka rataya wayoyi biyu kowace da awonta na ciki ya ishe ka, ko ka bar guda ka sayi na waje.

Na waje kuma yana son kulawa. Ranar watan Afrilu da Mayu na dafa akwatin da anka bari hili, a yi mishi inuwa. Iskar hunturu mai ƙura na tara wuta bisa doguwar waya har ta yi tartsatsi, a ba ta hanyar zubewa ƙasa. Hadari ya taso da damina, a cire kebul daga na'ura tun kahin tsawa ta fara.

A taƙaice, fara da waya. Auna ta, rataya ta da kyau, sannan ka duba gammon da ya dace da ita. Tashar da ke zaune da waya mai awo, na ciki. Mota, zango mai tashi, ko waya guda ga mitoci da yawa, na waje, kuma in da hali ga gindin anten.

TAKARDA KAHIN KAYA

Wannan ya hi duk abin da munka faɗa muhimmanci. Saurare kyauta ne, amma aikawa da murya sai da izini. Hukumar ARCEP ke kula da rabon mitoci a Nijar. A watan Maris 2017 anka kafa dokar ta-ɓaci a Tassara da Tillia saboda matsalar tsaro, kuma kowa ya san yadda ake kallon wanda anka kama da na'urar magana babu takarda. Ƴan uwa ƴan bida, kar ku sawo irin waɗannan kaya ku aiko gida tsaraba. Wanda ke da sha'awa ya fara da neman izini, ya sanar da hukumomin wurinshi, sannan ya je kasuwa.

Dattawanmu da sunka riƙa maɓallin radiyo a biron su-prefe, a likita ko a jandarmari suna nan cikin unguwanninmu. Samari masu gyaran radiyo da salula, ku je ku gaishe su ku zauna kusa, akwai ilimi wurinsu. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida ya sanar da mu, mu kai mishi makiraho.

Allah shi ba mu zaman lahiya a Adar da Azawak da Nijar baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.