Wa ke ɗaukar nauyin mabuƙata a cikin Birnin Kano?

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Mazugal, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Kano, akasarin taimakon da maraya ko bazawara ko marar lafiya ke samu daga hannun dangi da maƙwabta da masallacin unguwa yake fitowa. Hukumomin gwamnati suna nan, amma su ne na ƙarshe da ake kai wa kuka, kuma abin da ke hannunsu bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan masu buƙata.

Ƙofar Mazugal tana arewa maso gabashin ganuwa, tsakanin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa. Tana cikin ƙofofin farko na birnin, domin littafin Tarihin Kano ya lissafa ta cikin ƙofofi 8 na ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wajen farkon ƙarni na 12.

A yau sunan ya zama na ɗaya daga cikin mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar Dala, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 400,000. Yanki ne na 'yan kasuwa da mahauta da maɗinka da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda abincinsu ke rataye da kasuwannin Kurmi da Ƙofar Wambai da Kantin Kwari da kuma babbar mayankar Kano. Galibinsu sai sun fita suke samun na cefane. Saboda haka ciwon mako guda kan iya jefa gida sukutum cikin halin ni-'yasu.

Dangi da maƙwabta

Matakin farko na tallafi ba shi da ofis ba shi da rajista. Idan magidanci ya rasu, maƙwabta ne ke dafa abincin zaman makoki, samarin unguwa su haƙa kabari, wani mai hali ya sayi likkafani. 'Yan'uwa kan raba marayu a tsakaninsu su riƙe. Matar mamaci kuwa takan samu kulawa a tsawon wata 4 da kwana 10 na takaba, sai dai galibi bayan fitar takabar ne wahalarta ke somawa, lokacin da ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke, mai gidan haya kuma ya fara aike.

A tsakanin mata akwai ciyayya, wato musayar kwanon abinci tsakanin gidaje, wadda sau da yawa dabara ce ta ciyar da gidan da aka lura bai ɗora tukunya ba. Akwai biki, inda mace ke mayar wa ƙawarta gudummawar da ta taɓa kawo mata, tare da ƙari. Akwai kuma adashe, wanda da shi ne mata da yawa ke sayen keken ɗinki ko kayan ɗakin 'ya'yansu, har ma da biyan kuɗin asibiti idan uwar adashe ta yarda a sauya wa mai larura kwasa.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne rufin asiri. A al'adar birni, mutumin kirki ba ya buɗe baki ya ce bai ci ba, kuma mai taimako na gari shi ne wanda ya gane halin da maƙwabcinsa ke ciki tun kafin ya faɗa, ya aika da buhun masara bayan sallar isha'i. Wannan tsari yana kare mutuncin mai karɓa fiye da kowane layin rabon kayan gwamnati. Amma sharaɗinsa shi ne a san mutum, a san gidansu.

Mai unguwa da liman

Idan lamari ya fi ƙarfin dangi, sai a nufi zauren mai unguwa. Shi ne matakin ƙasa a jerin sarautar da ta bi ta kan dagaci da hakimi har zuwa fadar Sarki. Wajensa ake kai yaron da ya ɓata da jaririn da aka tsinta, da rigimar gado ko ta haya, kuma shaidarsa ake nema kafin hukumomi su yarda cewa wane mabuƙaci ne. Ba shi da kasafin kuɗin yin wannan aiki. Jarinsa shi ne ya san kowa, kuma ya san ƙofar attajirin da za a ƙwanƙwasa.

Liman kan yi sanarwa bayan salla cewa ana neman taimakon wani bawan Allah da ke kwance a asibiti, sau da yawa ba tare da ambaton suna ba. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na samarin unguwa, waɗanda aka fi sani da yashe magudanan ruwa kafin damina da gyaran maƙabarta, su ma sukan haɗa kuɗin jarrabawar marayu. A asibitoci irin su Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala kuwa, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da aka kafa a 1978, sukan taimaka wa majinyatan da ba su da mai jinya.

Makafin Dala

Tsara taimakon masu larura ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Kano a 1824, ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, waɗanda ke samun wani kaso daga Sarki, suna kuma bara a kasuwa da hanyoyi. Har yanzu akwai unguwar Makafin Dala a gefen Dutsen Dala, kuma sarautar Sarkin Makafi tana nan, haka ma ta Sarkin Kutare da ta Sarkin Guragu. Waɗannan sarakuna su ne ke sasanta jama'arsu, su karɓi sadakar da aka aiko da sunansu su raba, su kuma yi magana da yawunsu a gaban hukuma.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali aka narkar da zakkar amfanin gona cikin harajin da ake zubawa a baitulmalin En'e, ta haka ta rasa alaƙarta da fakirai. 'Yan mishan suka shigo ta ɓangaren lafiya, suka buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943, suka kuma kula da kutare a Yadakunya.

Gidajen da gwamnatin jiha ke riƙe da su a yau sun haɗa da Gidan Marayu na Nassarawa, da Gidan Gajiyayyu na Shahuci, da gidan yara masu larurar ƙwaƙwalwa na Tudun Maliki, da gidan gyaran tarbiyyar yara na Goron Dutse. Ɗan birni bai cika kai nasa waɗannan wurare ba, domin abin gori ne a ce tsohon gidan wane yana Shahuci. Mafi yawan mazauna cikinsu waɗanda ba a san danginsu ba ne.

Zakka da hubusi

A ƙa'ida, zakka ce ya kamata ta zama ginshiƙin wannan aiki duka. Duk wanda dukiyarsa ta kai nisabi, wato kimar dinari 20 ko kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara a hannunsa, wajibi ne ya fitar da ɗaya bisa 40. Manomi kan fitar da ɗaya bisa 10 na amfanin damina, ko ɗaya bisa 20 idan na ban-ruwa ne. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni 8 na waɗanda za a ba, fakirai da miskinai ne a kan gaba. A gari mai kasuwanni irin na Kano, wannan dukiya ce mai yawan gaske.

Tun farkon shekarun 1980 wasu malamai da 'yan kasuwa suka kafa majalisar zakka ta sa-kai a Kano. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi da doka a 2003, a shekarar da aka kafa Hukumar Shari'a da Hukumar Hisbah.

Matsalar da hukumar ta daɗe tana kuka da ita ita ce manyan masu dukiya ba sa kawo mata zakkarsu. A wasu ƙasashe, kamar Sudan da Saudiyya, hukuma ce ke karɓar zakkar 'yan kasuwa kamar yadda ake karɓar haraji. A Kano kuwa, a aikace, hukumar tana jiran abin da aka ga damar kawo mata ne. Attajirai da dama sun fi son su raba da hannunsu, wasu don rashin yarda da duk abin da gwamnati ta sa hannu a ciki, wasu don suna da dangi da yaran gida da malamai da ke sa rai duk shekara, wasu kuma, a gaskiya, don a gani.

Sakamakon haka shi ne cincirindon da ake gani a ƙofar gidajen masu kuɗi a watan azumi, inda ake yayyanka zakkar miliyoyi zuwa 'yan kuɗin da ba su wuce cefanen kwana biyu ba. Malaman Malikiyya sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara guda, kuma masu wa'azi sun sha jan hankali cewa gara a tsamo mutum 10 daga talauci da jari mai ƙwari a kan a watsa wa mutum 1,000 abin da ba zai kashe musu ƙishirwa ba. Sannan mai kunya, wanda shi ne ya fi cancanta, ba ya zuwa layin.

Hubusi, wato waƙafi, shi ma bai yi ƙarfi a ƙasar Hausa kamar yadda ya yi a Masar ko Turkiyya ba, inda gidajen haya da kantuna na waƙafi suka riƙe asibitoci da makarantu ɗaruruwan shekaru. A Kano an fi karkata ga gina masallaci da makarantar Islamiyya da haƙa rijiya, kadarorin da su ma ke buƙatar kuɗin kulawa maimakon su kawo kuɗin shiga.

Hisbah da auren zawarawa

An fi jin labarin Hisbah a kan kame da fasa kwalaben giya, amma babban ɓangare na aikinta na yau da kullum sulhu ne: matar da miji ya bari ba ci ba sha, uban da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa bayan saki, 'yan'uwan da suka danne gadon marayu. Talaka ya fi son zuwa can domin ba a biyan kuɗin lauya.

Ta hannunta aka soma auren zawarawa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, da ma'aurata 100. Gwamnati kan biya sadaki, ta yi kayan ɗaki, ta ba amarya ɗan jari, bayan an yi wa ma'auratan gwajin lafiya. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana guda. Masu sukar shirin na cewa bai taɓa tushen matsalar ba, wato yawan saki da rashin tilasta wa maza ciyar da 'ya'yan da suka haifa.

Attajirai da rediyo

Gidan Dantata, da ke Ƙoƙi da Sarari kusa da wannan yanki, ya daɗe da shahara wajen ciyarwa. Alhaji Aminu Dantata, wanda ya rasu a watan Yunin 2025, shi ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gidauniyar Dangote kuma daga Kano ta ƙaddamar da rabon buhunan shinkafa miliyan 1 ga jihohin Najeriya a azumin 2024. Gwamnatin jiha ita ma takan buɗe cibiyoyin ciyarwa duk azumi, ko da yake a 2024 gwamnan da kansa ya nuna ɓacin ransa kan irin abincin da ya tarar ana rabawa a wata cibiya.

Tun da aka buɗe gidan rediyon Freedom a 2003, neman taimako ta kafafen watsa labarai ya zama ruwan dare, daga baya kuma ya koma Facebook da WhatsApp, inda ake sa hoton marar lafiya da lambar asusun banki. An ceci rayuka da dama ta wannan hanya. Sai dai ta zo da 'yan damfara, kuma ta sa dole mabuƙaci ya tona asirinsa a idon duniya kafin a ji ƙansa, abin da tsohon tsarin unguwa ke gudu.

Waɗanda ba a sani ba

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawansu, da fiye da miliyan 10. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ƙara dagula lamarin, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Tsarin da ya dogara ga maƙwabci yana aiki ne idan wahala ta faɗa wa gida ɗaya. Idan ta game unguwa, mai aika kwano jiya shi ma yau jira yake.

Waɗanda suka fi faɗawa ta ramin su ne baƙi: 'yan ci-rani da ke kwana a rumfunan kasuwa, da matan da rikicin Zamfara da Katsina ko na Borno ya koro, da almajirai. A da, almajiri kan samu uwar ɗaki a wani gida, yana yi mata aike da talla, tana ba shi abinci da sabulu, wani lokaci har ta yi masa aure. Yanzu yawan yaran ya fi ƙarfin gidajen da ke iya ɗaukar wannan nauyi.

Gwamnatocin jihar sun fi tunkarar lamarin ta hanyar hani. An yi dokar hana bara a tituna a 2013, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sake haramta barar almajirai a watan Fabrairun 2020, kuma da annobar korona ta ɓarke a wannan shekarar aka kwashi ɗaruruwan yara a motoci aka mayar da su jihohinsu. Da aka sassauta dokar kulle, da yawansu sun dawo tsangayunsu.